Suna Linzami: A Hannun Wa Yake?

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Abin da ake nufi a fili yake: da zarar an kira sunan mutum, ko yana tsakiyar kasuwa, sai ya waiwayo, kamar yadda doki yake juyawa idan an ja linzaminsa. Amma karin maganar tana da wani gefe da ba a cika kula da shi ba. Doki ba ya sa wa kansa linzami, kuma ba shi yake riƙe da shi ba. Haka ɗan Adam yake. Kalmar da za ta bi shi tun daga goyo har kabari wani ne ya zaɓa masa ita, a ranar da ba shi da bakin cewa i ko a'a. Saboda haka akwai tambayar da ta kamaci kowane gida na masu bi: wanda ya raɗa sunan nan, don wa ya raɗa shi? Don yaron, ko don kansa?

Da wuya a sami inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar unguwannin Hausawa na birnin Legas, musamman Agege. Cinikin goro da na shanu ne ya kawo Hausawa wurin, hanyar jirgin ƙasa kuma, wadda ta isa Ibadan a 1901 aka haɗa ta da Kano a 1912, ta ratsa ta Agege ta mai da shi babban zango. Har yau akwai Sarkin Hausawa a can, ga kuma babbar mayankar Oko-Oba inda shanun Arewa suke ƙarewa. A cikin wannan taro akwai Kirista 'yan Arewa masu yawa: sojoji da 'yan sanda, masu gadi, direbobi, 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, daga kudancin Kaduna, Filato, Bauchi, Gombe, Adamawa, Borno da Zuru, da kuma 'ya'yan Maguzawan Kano da Katsina. A gida kowa da ƙabilarsa da harshensa, amma a bakin mutumin Legas dukansu Hausawa ne, kuma da Hausa suke sujada ran Lahadi. Idan aka yi haihuwa a irin wannan gida, al'adu uku ne suke tsaye a bakin ƙofa: ta Hausawa Musulmi maƙwabta, ta Yarabawa masu masauki, da wadda aka gada daga Turawan mishan. Kowacce tana da hanyar da take ɗaura suna da matsayi.

Al'adar Hausawa sananniya ce. Bayan kwana bakwai da haihuwa akan taru da sassafe a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a, a yanka rago, a faɗi suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a, wanzami kuma ya yi wa jariri aski. Wannan shi ne sunan yanka, kuma galibi daga sunayen annabawa da sahabbai da iyalan Annabi ake ɗauko shi. A nan akwai abin yabo da ya kamata a faɗa: sunan yanka ba ya raba ɗan sarki da ɗan talaka. Muhammadun fada da Muhammadun rumfar mahauta suna ɗaya suke amsawa. Bambancin ta wasu ƙofofi yake shigowa, wato girman rago, da yawan mahalarta, da wanda aka yi wa takwara, da abin da za a liƙa a gaban sunan ko a bayansa idan yaro ya girma.

Bayan sunan yanka akwai laƙabi, wanda sau da yawa shi yake cinye na farkon. Ladi da Ɗanladi, Asabe da Ɗan'asabe, Jummai da Ɗanjuma, Talatu, Laraba da Lami duk ranar haihuwa suke faɗa. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Auta kuwa shi ne rufin ƙofa. Waɗannan ba ruwansu da arziki ko sarauta, labarin gida kawai suke bayarwa, shi ya sa Musulmi da Kirista da Maguzawa suka yi tarayya a kansu ba tare da gardama ba.

Yarabawa kuwa a cikin sunan kansa suke saka asali. Sunan da ya soma da Ade yana nuni ga kambin sarauta, Oye ga gidan masu muƙami, Ayan ga gidan makaɗa, Ode ga gidan mafarauta, Ogun da Ifa kuma ga abin da kakannin gidan suka bauta wa. Bayarabe yakan ji sunan mutum ya san ƙofar da ya fito, kuma Kirista da dama a cikinsu sun cire Ogun ko Ifa daga sunan gidansu sun sa Olu ko Oluwa, wato Ubangiji. Amma akwai wuri ɗaya da Bahaushe da Bayarabe suka haɗu, shi ne sunan wabi. Macen da 'ya'yanta suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya takan sa wa na gaba sunan wulaƙanci, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Bahaushiya ta ce Ajuji, ko Bawa. Bayarabiya ta ce Kosoko, ma'ana babu sauran fartanyar haƙa kabari. Duk da haka Kosoko ya yi sarautar Legas daga 1845 zuwa 1851, Bawa Jan Gwarzo kuma ya riƙe Gobir a ƙarshen ƙarni na 18, har yau ana jin tsoron sunansa a labari. Mai bi ba ya yarda cewa ana iya yaudarar mutuwa da suna. Amma ya kamata ya lura da abu ɗaya: uwar da ta kira ɗanta Bawa don ya rayu, kalmar ƙasƙanci ta zaɓa, zuciyar kuwa ƙauna ce zalla. Ashe ma'anar kalma kaɗai ba ta isa a auna suna da ita ba.

Akasin wannan shi ne sunayen bayi, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. A ƙasar Hausa ta dā, wanda aka kamo a yaƙi ko aka sayo a kasuwa yakan rasa sunansa tare da garinsu. Ubangidansa ne yake sa masa sabo, kuma ba daga cikin sunayen 'ya'ya yake ɗaukowa ba. Akwai wani rukuni na musamman: Nasamu, Nagode, Barka, Alheri, Allah Kyauta da makamantansu. Dukansu kalmomi ne masu daɗin ji, ba zagi ko ɗaya a ciki. Amma mai karatu ya tsaya ya tambaya: wa ya samu? Wa ya gode? Wa aka yi wa kyautar? Ai ubangida ne. Sunan ba ya faɗin kome game da wanda yake ɗauke da shi, sa'ar mai shi yake shela. Wasu sunayen ma rabin magana ne, ubangida ya kira rabi, bawa ya amsa da sauran, ta yadda kowace kira ta zama an sa mutum ya yi godiya da bakinsa saboda an mallake shi. 'Ya'yan bayi da aka haifa a gida, wato cucanawa ko dimajai, akan yanka musu rago a sa musu sunan Musulunci kamar kowa, don haka wancan irin suna ya zama tambarin wanda aka sayo, tambarin da ba ya buƙatar wuta ko aska.

Tarihin Kano ya adana misali mai ban tausayi. A fadar Kano manyan bayin sarki ne suke riƙe da sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, kuma ikonsu ya fi na hakimai da yawa. A zamanin Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, akwai wani Ɗan Rimi mai suna Allah Bar Sarki, wanda Razdan Cargill ya ɗaga har ya ba shi sarautar Waziri, ko da yake bai daɗe a kanta ba. Ga mutum ya kai kusa da ƙololuwar mulki, yana da dawaki da barori, ana faɗuwa ana gaishe shi, amma duk wanda ya buɗe baki ya kira sunansa, wani yake yi wa addu'a. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yantar da duk yaron da aka haifa daga Afrilu na shekarar, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Doka ta kwance igiya, amma ba ta share tunani ba. Har yanzu idan maganar aure ta taso akwai gidajen da sukan aika a binciko asali a ɓoye, kuma sunan kaka yana daga cikin abubuwan da ake saurare. Abin kunya ne a faɗa, amma a cikin gidajen nan akwai na masu zuwa majami'a.

Ikkilisiya ba ta da hurumin nuna wa kowa yatsa a kan wannan batu, domin ita ma ta sake wa mutane suna. An kama Ajayi yana yaro a ƙasar Yarabawa a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace shi daga masu fataucin bayi, aka yi masa baftisma a Saliyo a 1825 da sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin ikkilisiya na Landan. Shi ne ya zama bishop a 1864, ya rasu a Legas a 1891. Haka Dorugu da Abbega, 'yantattun bayi biyu da Heinrich Barth ya tafi da su Turai a 1855: suka zama James Henry Dorugu da Frederick Buxton Abbega. Daga bakin Dorugu ne mai mishan J. F. Schön ya rubuta Hausa mai yawa da ya buga daga baya. Dole a yi adalci, waɗanda suka sa sunayen nan da kyakkyawar niyya suka yi, kuma sunan gida bai ɓace ba, ya zauna a gefen sabon. Amma dai linzamin yana hannun wani, kuma ba a daɗe ba sunan Turawa ya zama shaidar wayewa a Legas, mai shi ya fi mai sunan gargajiya samun kujera a majami'a da ofis. Daga cikin ikkilisiya aka fara tawaye. A 1894 wani fasto ɗan Baftis, David Brown Vincent, ya ajiye sunan Turawa ya zama Mojola Agbebi. A 1901 aka kafa Ikkilisiyar Afirka a Legas, ɗaya daga cikin jigoginta kuma, J. K. Coker, a Ifako kusa da Agege yake da gonakin koko. Wato gardamar suna da matsayi ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa da Hausawan Agege suke takawa.

A Arewa labarin ya bi wata hanya. Wasu daga cikin masu bi na farko yara ne da aka ƙwato daga bauta, irin waɗanda aka rena a gidan 'yantattu da mishan ta SUM ta buɗe a Rumaisha a 1909. Ba abin ɓoyewa ba ne, tushe ne. Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sai ya ba iyaye taskar sunaye masu zama daram a bakin Bahaushe: Bulus, Bitrus, Istifanus, Filibus, Ishaya, Irmiya, Rifkatu, Rahila, Alisabatu. Wasu kuma, kamar Musa, Haruna, Dauda, Yakubu, Ayuba, Saratu da Hannatu, tarayya ake yi a kansu da maƙwabta Musulmi. Ikkilisiyar Wusasa ta Zariya ta fitar da mutane irin su Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. Ba wanda sunansa ya hana shi zama ɗan ƙasa a idon jama'a. Daga baya iyaye suka soma ƙirƙiro nasu daga Hausar yau da kullum: Murna, Bege, Salama, Ƙauna, Haske, Godiya, Nagode, Alheri, Albarka, Kyauta.

Mai karatu ya riga ya ga abin mamakin. Rabin jerin nan na ƙarshe kusan su ne kalmomin da iyayengiji suke sa wa bayinsu a dā. Duk wanda ya shiga ajin makarantar Lahadi a kowace majami'ar Hausa ta Legas zai tarar da Godiya da Alheri da Nagode a zaune, ba wanda ya ga ƙasƙanci a jikinsu, kuma babu shi. Kalma ba ta sāke ba. Abin da ya sāke shi ne matsayin yaron a cikin maganar. Ubangida da ya ce Nagode, dukiyarsa ce ta ƙaru. Uwa da ta ce Nagode, amana aka ba ta, kuma ta san wanda ya ba ta zai tambaye ta. A wurin na farko yaron kaya ne, a wurin ta biyu mutum ne da aka karɓa daga hannun Allah. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane suna a kai. Sai dai ma'aunin yana da kaifi biyu, gama uba ma yana iya mai da ɗan cikinsa kaya, ya yi ciniki da sunansa, ko da kalmar daga tsakiyar Littafi Mai Tsarki ya ɗauko ta.

Ikkilisiyar farko ta san wannan matsala, domin a daular Roma ma bayi suna da nasu irin sunaye. Onisimus, bawan Filimon, ma'anar sunansa mai amfani, wato sunan da mai kaya yake sa wa kayansa. Abin lura shi ne Manzo Bulus bai nemi a sake masa suna ba. Ya ɗauki sunan yadda yake, har ya yi wasa da ma'anarsa a cikin wasiƙar, sa'an nan ya roƙi Filimon ya karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. Dangantaka ya gyara, sunan kuwa ya bi baya ya sami daraja. A sura ta 16 ta wasiƙa zuwa ga Romawa kuma akwai mutum biyu, Tartiyas da Kawartas, waɗanda ma'anar sunayensu na uku da na huɗu. Da a Kano ne da sai a ce Salisu da Rabi'u, sai dai a wurin Hausawa waɗannan sunayen 'ya'ya ne, alhali masana da yawa suna ganin mutanen nan biyu bayi ne ko 'yantattu. Tartiyas ne ya rubuta wasiƙar da hannunsa, aka kuma bar shi ya sa gaisuwarsa a ciki. Sunan Kawartas kuwa yana daf da na Arastas, ma'ajin birni, a jere ɗaya, ba a sa babba a sama ƙarami a ƙasa ba.

To, a dawo Agege. Inda tsohuwar al'adar iyayengiji ta fi ɓuya a yau shi ne cikin gidajen masu hali. Akan ɗauko yarinya daga ƙauye a kawo ta Legas aikin gida, uwargida ta ji sunanta na ƙabila ya yi mata nauyi a baki, sai ta ce daga yau sunanki kaza, ta zaɓo wata kalmar Turanci mai daɗi. Ba a tambayi yarinyar ba, ba a tambayi uwarta ba. Uwargidan tana iya zama shugabar zumuntar mata, kuma ba za ta ga ta yi laifi ba, tunda suna mai kyau ta ba ta. Ai Nasamu ma kalma ce mai kyau. Wanda ya iya furta sunayen magunguna da na 'yan ƙwallon Turai ba shi da hujjar kasa koyon sunan yarinyar da take dafa masa abinci. Kusa da wannan akwai maigadin da ya shekara goma a ƙofar gida ɗaya ana kiransa Aboki ko Mala, yaran gidan sun girma a gabansa ba su san ko Bitrus ne ko Sani ba. 'Yan Arewa suna jin zafin wannan kira idan mutanen Kudu suka yi musu, kuma suna da gaskiya, domin kalmar zumunci ce aka mai da ita ta raini. Amma wanda ya ji zafin abu a waje bai kamata ya koma gida ya yi wa na ƙasa da shi irinsa ba.

Sai batun takwara. Asalinsa abu ne mai kyau: a sa wa yaro sunan kaka ko na wani dattijon kirki, don a tuna da shi, yaro kuma ya sami wanda zai yi koyi da shi. Daga nan ne ma alkunya ta fito, ana kiran yaro Abba ko Baba, yarinya Ummi ko Mama, don kada a faɗi sunan babba gatsau. Amma kowa ya san yadda abin ya koma a birni. Takwara yakan yi wa jariri kyauta, wani lokaci ya ɗauki nauyin makarantarsa, saboda haka sai uba ya duba majami'a ya ga wa ya fi kowa mota, ya ce ya yi masa takwara. Da wuya a ji an yi wa mai sharar majami'a takwara, kome tsoron Allah da yake da shi. Gaskiya ne talauci yana da zafi, kuma uban da yake neman wa ɗansa majingina ba mugu ba ne. Duk da haka yaron ne zai ɗauki sunan har tsufa, kuma idan mai arzikin ya faɗi, ko asirinsa ya tonu, ba uban ne zai riƙa amsawa ba. Sura ta farko ta Bisharar Luka ta nuna irin wannan matsi na dangi: a rana ta takwas 'yan'uwa suka so a sa wa jaririn Alisabatu sunan ubansa Zakariya, firist, suna kafa hujja da cewa ba mai suna Yohanna a zuriyar. Iyayen suka ƙi, domin sunan ba na adon gidan firist ba ne, na aikin da yaron zai yi ne.

Bikin kansa ma ya zama fagen gwada ƙwanji. Masu bi ba su da dokar yanka rago, amma ganin maƙwabta Hausawa suna yanka, Yarabawa kuma suna kafa rumfa su tare titi, sai mutumin da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba ya ci bashi don kada a ce ɗansa ya zo da tsiya. Yusufu da Maryamu tsuntsaye biyu suka kai Haikali, hadayar da Littafin Firistoci ya tanadar wa wanda ba shi da halin ɗan rago, Luka kuma ya rubuta haka bai ji kunya ba.

Abin da ake liƙa wa suna bayan an girma shi ma linzami ne, sai dai wannan mutum ne yake sa wa kansa. Bahaushe yana da Malam da Alhaji da Hajiya, masu bi kuma ba su bari an bar su a baya ba: Rabaran, Dakta, Dattijo, Cif, ga kuma haruffan nan biyu, JP, da masu ziyarar Urushalima suke ɗaurawa a bayan suna, waɗanda ko shakka babu kishin Alhaji ne ya haife su. Girmama na gaba wajibi ne, kuma ba Bahaushen da zai kira fastonsa da sunan yanka. Matsalar tana farawa ne ranar da mutum ya ƙi karɓar katin gayyata don an manta da harafi ɗaya, ko ranar godiyar kaka da ake kiran masu bayarwa daga mai laƙabi huɗu zuwa mai ɗaya, marasa laƙabi kuma a haɗa su a dunƙule a ce da sauran jama'a. Sura ta 23 ta Matiyu da sura ta 2 ta wasiƙar Yakubu sun yi magana a kan wannan dalla-dalla, kuma ana karanta su a majami'un da ake yin haka.

Akwai dai wani hali da ba a yanke masa hukunci da sauri, shi ne sunan da tsoro ya zaɓa. A rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002, da na kasuwar Mile 12 na Maris 2016, ɗan Arewa Kirista bai sami wata kariya daga addininsa ba, domin a idon mai sanda shi Bahaushe ne. Idan kuma ya koma gida Arewa a ranar tashin hankali, sunan Bulus ko Istifanus ne zai iya zame masa abin tuhuma. A neman aiki da neman gidan haya ma haka abin yake, suna yakan buɗe ƙofa ko ya rufe ta tun kafin a ga fuskar mai shi. Saboda haka wasu iyaye sukan zaɓi Dauda ko Yakubu ko Maryamu, sunan da zai wuce ta kowane shinge, wasu kuma su sa na Turanci don kada a gane yankin da yaro ya fito. Wasu samari ma da kansu suke zuwa kotu su yi rantsuwa, su buga sanarwa a jarida, su sauya. Wannan ba ɗaya yake da cinikin takwara ba. Uban da ya yi haka don yaron ya yi, ɗan'uwan matar nan ne da ta kira ɗanta Bawa don mutuwa ta wuce shi, kuma wanda bai taɓa tsayawa a shingen da ake tambayar suna ba ya yi hattara da zarginsa.

Amma tsoro da kunya suna kama da juna ƙwarai, mutum ne kaɗai ya san wanda yake cikin zuciyarsa. Wanda ya ɓoye sunan kakansa don kada a kashe ɗansa dabam yake da wanda ya ɓoye shi don kada abokan ofis su san daga gidan Maguzawa ko gidan 'yantattu ya fito. Esta tana da suna biyu, na gida Hadassa, kuma Mordekai ya umarce ta kada ta bayyana asalinta a fadar Farisa. Ta yi biyayya, amma ba a ɓoye mata ita kanta ko ita wace ce ba, shi ya sa ranar da ran jama'arta ya dogara ga bakinta ta sami abin faɗa wa sarki. Wannan ne ɓangaren da iyayen Legas suke yawan sakaci da shi. Sunan da aka rubuta a takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa yana iya zama na kariya, amma akwai yara da aka haifa a Agege, Yarabanci da Turancin buroka sun fi Hausa zama a bakinsu, harshen kakanninsu kuwa ko gaisuwa ba su iya da shi ba, suna da sunan gida na biyu ko na uku da ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu ma'anarsa, ko wanda ya zaɓa, ko abin da gidan yake ciki a makon da aka haife su.